Ranar da Muka Yi wa Maigidana Ban-ruwa a Gamkalle

Kwanan baya ƴata ta ɗauke ni a motarta za mu wata gaisuwa, hanya ta bi da mu ta unguwar Gamkalle. Na ce ta rage gudu in ga gidan da aka kawo ni ina amarya. Ta rage, na duba, na sake dubawa, ban gan shi ba. Inda zaurenmu yake an kafa wani dogon bene mai launin toka, tagoginsa duk a rufe, ƙarƙashin kowace taga an liƙa akwatin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗigar da ruwa a jikin bango. Dogon-yaron da ke tsakar gidanmu babu shi, ko kututturensa. Na leƙa na tambayi wani mai shago ko ya san Nya Hawa mai lambu, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ƴata ta ce, "Mama, ɗaga gilashi, zafi yana shigowa." Na ɗaga. Amma tun daga ranar, da na zauna shiru sai in ji gidan nan yana motsi a cikin kaina, da mutanensa da hayaniyarsa.

Gidan ƙasa ne, ɗakuna a jere sun zagaye tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa. Mai shi ita ce Nya Hawa, wata Bazabarma gajeruwa mai faɗin kafaɗa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gidan da lambu a bakin gulbi. Mu ƴan haya kowa da inda ya fito. Akwai tela ɗan Maradi da ke ɗinki a kasuwar Wadata, akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Damagaram da kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, sai mu mutanen Adar. Ba agogo ke tada mu ba. Da an sallame asuba za ka ji gwangwanayen ban-ruwa suna karo da juna, Nya Hawa da ƴaƴanta mata sun kama hanyar lambu. Sai turame su ɗauka, wannan gida ya buga, wancan ya amsa. Sai rediyon Mushe ya saki kakakin soja kafin labarai. Lokacin soja ke riƙe da ƙasa. Ma'aikaci ba ya makara, don bai san ranar da za a leƙo a tarar da kujerarsa babu kowa ba, kuma in maza suna hira a zaure zance ya kai ga gwamnati, sai ka ji murya ta sauka kamar an rage wa fitila lagwani. Mu mata abin da ya fi damunmu shi ne jar dawar taimako da ake rabawa, wadda tuwonta ke fitowa kamar laka, da irin miyar da za a yi mata ta wuce maƙogwaro. Muna ci muna yi mata ba'a. Yanzu sai in ga yara suna ture shinkafa wai babu nama a kai, in kawar da ido kawai.

Maigidana turin pus-pus yake yi a kasuwar Katako, wato kurar hannu da ake ɗora wa katako da kwano da siminti a kai wa masu gini. Dogo ne, ƙato, irin mazan da sai sun sunkuya suke shiga ɗaki. Kayan da mutum biyu ke turawa suna nishi, shi kaɗai yake turawa yana waƙa. In ya dawo da yamma tun daga nesa nake gane shi, don ƙafar kurarsa tana da wani kuka irin na zabuwa. Da fari ya yi tsanani, gonakin garinmu ba su ba da ko kara ba, dabbobi suka ƙare, sai ya aika aka ɗauko mahaifiyarsa a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Inna ta sauka a Yamai da tabarma da ƙwarya da bakinta. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, kana ganinta ka ce iska za ta yi gaba da ita, amma in ta yi magana a ƙuryar ɗaki har zaure ana ji. Shi ne ɗanta na ƙarshe, don haka ba ta kiransa da komai sai Auta. Ranar da abokan aikinsa suka fara jin wannan ƴar tsohuwa ta ce wa ƙaton nan, "Auta, taho ka miƙo mini buta," sun yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Ni kuma ina goyon ɗana na fari, wanda Inna ta raɗa wa Ango tun ranar da ta ɗora ido a kansa, wai ta samu sabon miji mai ƙuruciya.

A wancan zamani kowa a unguwa ya san lokacin da mutuwa ta fi yawo, ya kuma san ƙofofin da ta fi tsayawa. In sanyi ya shigo, musamman mu na bakin gulbi, tsofaffi ne ke tafiya. Tari ya fara, ya sauka ƙirji, ba a jima ba a ji wane ya cika. Da safe za ka ga dattawa sun jeru a jikin bango suna shan hantsi, kowa ya ƙudundune cikin bargo, ranar da aka ga gurbin wani babu kowa sai gaban mutane ya faɗi. Sababbin haihuwa ma sanyi yana taɓa su, shi ya sa mai jego ba ta rabuwa da kaskon wuta. In bazara ta zo kuwa, ƙananan yara ake ji wa tsoro. Zawo ne, ƙyanda ce, maɗiga ta faɗa, yaro ya yi laushi a hannun uwarsa kamar tsumma. Tsoho ma in aka manta shi a ɗakin kwano da rana tsaka, ba lalle ne a same shi da la'asar ba. Saboda haka duk idon gida a kan mutum biyun nan yake, tsoho da jariri. Majiya ƙarfi kuwa babu mai sa su a cikin zance. An ɗauka su rana ba ta san da zamansu ba, sanyi ma haka. Inna takan ce, "Ni ɗari nike tsoro. Zafi tare muka girma, mun san juna. Amma ɗari in ya shigo gari, sunana yake tambaya." Yanzu rediyo da waya ke gaya wa mutane gobe rana za ta yi zafi, a sha ruwa, a nemi inuwa. Mu a da fatar jikinmu ce ke kawo mana labari, ita ma sai abin ya riga ya iso.

Bazarar da nake faɗa ban sake ganin irinta ba. Gulbi ya janye har yara suna tsallaka shi da ƙafa. Masunta suka kife jiragensu, masu lambu suka koma tonon ramuka a cikin yashi suna jiran ruwa ya tsatso kaɗan-kaɗan. Pampo ya zo yau, gobe ya yi shiru. Ga azumi kuma ya faɗo a tsakiyar wutar. Malamin masallacinmu ya ce Inna ta sha ta ciyar, ni ma mai shayarwa in sha in rama daga baya. Aikina na yini ya koma guda ɗaya, in hana zafi kaiwa ga Inna da Ango. Na binne gindin randa a jiƙaƙƙen yashi na naɗe ta da buhu. In jiƙa zane in shimfiɗa wa yaro, in jiƙa wani in rataya a ƙofa, kafin in juyo na farkon ya bushe. Da rana gidan yakan yi tsit. Kaji sun buɗe baki, ko ƙuda ba ya son tashi. Sai mu uku a gindin dogon-yaro, ina yi wa Inna fifita, ita tana yi wa Ango, tana ce masa, "Kai miji ne ko mi? Ko goro ba ka taɓa ba ni ba, sai fitsari a zane."

Maigidana kullum zai fita sai ya tsaya a bakin zaure ya yi mini huɗuba a kan su biyun. Kada Inna ta shiga ɗaki da rana, kada yaron ya kwanta a ƙasa, in ruwa ya ƙare in tare ga-ruwa. Sallah ta kusa, yana son ya ɗinka mana kaya mu duka, don haka ba ya ƙin aiki kowane iri. Wata safiya tun hantsi bai yi ba iska ta fara zuwa kamar daga bakin murhu. Inna ta dube shi yana ɗaura rawani.

"Auta, ranar yau ba ta wasa ba ce. Ka yi na sahe ka dawo ka kwanta."

"Inna, ke dai ki sha ruwanki ki zauna inuwa. Ku ne abin tsoro, ke da angonki. Ni mi rana za ta yi mini?"

Na sa baki na ce, "Ai malam ya ce mai aikin ƙarfi in ya ji abin ya kai ga rai, ya sha ya rama."

Ya yi dariya. "Ni in sha azumi a gaban ƴan Katako? Ai sai su sa ni a waƙa."

Ya ɗaga Ango sama ya sauke, ya kama kurarsa ya fita.

Bayan azahar na ji kukan zabuwar nan. Ba lokacinsa ba ne, kuma da gudu take tahowa. Kafin in miƙe sai ga Isufu, abokin aikinsa, da wani saurayi sun turo kurar har tsakar gida, maigidana yana kwance a kai, ƙafafunsa suna reto. Isufu yana haki ya ce, "Nan kusa ne, wurin wani gini. Muna sauke katako sai ya fara zance ba kai, yana kiran shanun ubansa da sunayensu. Sai ya zube." Na taɓa shi na janye hannu. Jikinsa kamar kaskon tuya, kuma a bushe ƙamas, babu ɗigon zufa. Idonsa rabi a buɗe, numfashi yana fita da sauri-sauri. Na ƙwala ihu. Nan da nan gida ya cika da matan unguwa. Wata ta ce iskoki ne, ai an san ba a yawo kusa da gulbi da rana tsaka, a kawo turare. Wata ta ce zazzaɓi ne, a lulluɓe shi da bargo ya yi zufa. Har wata ta tafi ɗebo garwashi.

Inna ta miƙe, ko sandarta ba ta nema ba. Ta ratsa matan, ta ɗora hannu a goshinsa, ta sa a hammatarsa.

"Ba iska ba ce, rana ce. Na ga ta kada maza a bakin rijiya suna jan guga. Ku ja shi inuwa, ku tuɓe mai riga. Wadda ta kawo wuta kusa da ɗana, ni da ita." Ta juyo kaina. "Ɗiyata, bar kukan nan, ba shi da amfani yanzu. Ɗauko randa."

"Inna, shi ke nan ruwan da ya rage, naku ne ke da yaron."

"Na ce ɗauko."

Muka kwarara masa randar nan kaf, daga kai har ƙafa. Ƙasa ta shanye, jikinsa ya shanye, kamar ba a zuba komai ba. Maƙwabta suka kawo abin da ke butocinsu, shi ma bai kai ko'ina ba. Pampo kuwa tun jiya yake shiru. Nya Hawa tana tsaye tana kallo, hannu a ƙugu. A ramin lambunta akwai ruwan da ya taru tun safe, wanda take tanadi don fangalin salatinta na ƙarshe, wato latas, abin da ya rage mata ke nan a shekarar. Sai ta juya ta daka wa ƴaƴanta tsawa da Zabarmanci, suka fita a guje. Ba a daɗe ba sai ga su sun dawo kowacce da gwangwanin ban-ruwa a hannu biyu, ruwa yana fantsama a zannuwansu. Nya Hawa ta karɓa, ta tsaya a kan maigidana ta ware ƙafa, ta shiga yi masa ban-ruwa daga kai zuwa ƙafa, daga ƙafa zuwa kai, sak yadda take yi wa shuka. Inna ta ce a yi masa iska. Wata ta kama faifai, wata murfin kwano, matar tela ta kama zane tana kaɗawa, Mushe da ya dawo daga lakwal ya tuɓe rigarsa ta aiki yana fifita da ita. Nya Hawa tana zubawa tana ce mini, "Kala suru, kala suru," wato sai haƙuri. Na ɗebo ruwa a ludayi zan ɗura masa, Inna ta riƙe hannuna. "A'a. Bai san inda yake ba, sai ya shaƙe."

Can sai ya yi nishi, ya motsa hannu. Mushe ya ce, "Wannan bai isa ba, sai an kai shi likita." A irin wannan rana babu takisin da ke shigowa lungunmu. Aka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a kan kurarsa aka mai da shi. Inna ta ce a ɗora ta ita ma, ta zauna ta rungume kansa a cinyarta. Isufu da saurayin nan suna turawa, Mushe yana gefe da rigarsa, ni ina bi da Ango a baya, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi nan. Nya Hawa tana ɗaya gefen da gwangwaninta, tana tafiya tana ban-ruwa. Haka muka fito babban titi, kwalta tana ƙuna a tafin ƙafata.

Sai wata motar soja ta wuce mu, ta ci birki, ta dawo da baya ta tare hanya. Wanda bai rayu a lokacin ba ba zai gane abin da muka ji ba. Isufu ya kusa sakin kura. Wani soja ya diro, da baƙin tabarau, ya zagayo yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi ke nan? Gawa ce?"

Inna ta ɗago kai. "Gawa a bakinka! Ɗana ne, da ransa. In taimako ya kawo ka, kama ƙafa. In kallo ne, ba mu hanya."

Mushe ya rufe ido ya fara salati. Ni dai na ce yau mun haɗa biyu. Sojan ya cire tabarau, sai na ga ashe yaro ne, bai fi ƙanena ba.

"Inna, ke ƴar Adar ce?"

"Da daga ina kake ganin na hito?"

Ya tuntsire da dariya. "Wallahi muryar kakata ke nan." Ya yi wa ƴan uwansa fito, suka diro suka ciccibi maigidana, ɗaya yana cewa wannan mutum ne ko buhunan siminti. Aka ɗora Inna, aka jawo ni, Mushe ya hau. Nya Hawa ba ta jira an ce mata ba, ta miƙa gwangwaninta ta haye. Mutanen da ke rumfunan bakin titi suka ga soja sun kwashe tsofaffi biyu da mai goyo da malamin lakwal babu riga. Kafin la'asar labari ya gama Gamkalle cewa an kama Nya Hawa, wai an hana ban-ruwa a ƙasar.

A likita baranda cike take. Ga uwaye da jarirai, wannan na sa ran gani. Abin da ban sa ran gani ba shi ne samari a kwance a kan tabarmi, ƙarti irin maigidana, wani da siminti har yanzu a hannunsa, wani da gammo a gefensa. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya zo ya duba shi, ya sa aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ya ce a ci gaba da fifita. Ya dubi buhunan da ruwan da ke ɗiga a ƙasa.

"Wa ya jiƙa shi haka?"

Muka dubi juna. Nya Hawa ta ɓoye gwangwani a bayanta. Inna ta ce, "Mu ne."

"Kun kyauta. Da a bushe kuka kawo shi, da wani zancen ake yi." Ya nuna barandar da haɓa. "Duk bazara haka nike fama, jarirai da ƙarti. Tsofaffi kuna ajiye su inuwa kuna yi musu fifita. Waɗannan kuwa suna tsakiyar rana da kaya a ka, babu mai ce musu su zauna, su ma ba su yarda. Tsofaffi sai sanyi ya shigo suke cika mini gadaje."

Inna ta ce, "To ka ajiye mini na kusa da ƙofa, ina son ganin masu wucewa."

Muka zauna. Ban san yawan addu'ar da na yi ba. Ina duban ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ina tunanin ni da yaro da tsohuwa a garin da ba namu ba, gida kuma babu abin komawa. Inna tana ta shafa kansa. Rana ta yi ja, iska ta ɗan saki. Dab da magariba na ga zufa ta fara tsatsowa a goshinsa, ƙanana-ƙanana. Ban taɓa murnar ganin zufa irin ta ranar ba. Ya buɗe ido, ya dubi rufi, ya dubi robar da ke hannunsa, ya dube mu. Da wata ƴar murya ya ce, "An sha ruwa?"

Inna ta ce, "Kai tun azahar kake sha, ta kai da ta ƙafa."

Ya juya maganar a ransa. Sannan ya ce, "Ina kurata?"

Nya Hawa ta yi dariya har gwangwanin ya faɗi. Ni dariya nake yi, hawaye suna zuba, na rasa wanne zan bari.

Ya daɗe bai koma daidai ba. In ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi, buta ma nauyi take yi masa. Sai zaman gindin dogon-yaro ya ƙaru da mutum ɗaya. Inna ta matsa masa tabarma ta ce, "Zauna nan, Auta, layin marasa ƙarfi. Ni ce babba, angona ke bi mini, kai ne sabon shiga." A nan ya koyi rarrashin yaro, ya koyi tsince dawa, ya ji duk gulmar unguwa da ba ta kaiwa Katako. Sallar shekarar da tsofaffin kayanmu muka yi ta, tela ya sake musu ɗinki kawai, kuma ban taɓa jin daɗin wata sallah kamarta ba. Salatin Nya Hawa kuwa ya ƙone, don bai samu ruwan ranar ba. Ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Da ƙarfinsa ya fara dawowa, kowace safiya kafin ya tafi Katako sai ya ɗora tano, wato ganga, a kurarsa ya kai mata ruwa lambu daga duk inda ya samo, har damina ta sauka. In ta buɗe baki za ta yi godiya sai ya ce, "Nya, ni ma shukarki ce."

Ya sauya tsarin aikinsa. Ya fita da sassafe, rana tana take tsaka ya jingine kura ya shige ƙarƙashin rumfa, sai ta karya ya fito. Waƙar da ya ji tsoro kuwa an yi masa ita, har da amshi, wai Auta salatin Gamkalle. Ya bar su suna yi. Kafin ruwan farko ya sauka wani saurayi a cikinsu ya faɗi a wata unguwa mai nisa, inda babu wanda ya san abin yi. Aka lulluɓe shi da bargo. Bai kai likita ba. Ya bar amarya da ciki. Bayan jana'izar nan waƙa ta mutu, kuma in ka je Katako da azahar sai ka ga kuraye a jere, masu su suna kwance a inuwa.

Da sanyi ya shigo sai aiki ya juya. Maigidana ya samo wa Inna wani ƙaton kwat na gwanjo da ke jan ƙasa in ta sa, hannuwansa sun wuce yatsunta. Kowace safiya shi ke hura mata gawayi a kasko, ya ɗumama ruwan alwalarta, ya ɗauke ta cak ya kai ta jikin bango inda hantsi ke fara sauka. Tana zaginsa wai ya mai da ita jaririya, shi kuma yana cewa layin marasa ƙarfi ne, ba a tsallake shi. Ta ga sanyi da yawa bayan wannan. Ta ga Ango ya shiga lakwal, ta ga ƙannensa. A ƙarshe dai abin da take faɗa ne ya faru. Wani sanyi mai tsanani tari ya kama ta, ya sauka ƙirji, muka kai ta likita, aka yi abin da za a iya. Ta cika da hantsi, cikin kwat ɗinta, bayan ta gama yi wa Auta faɗa a kan bai karya kumallo ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Nya Hawa.

Yanzu maigidana ne tsohon gida. Ƙaton nan ya rankwafa, hannun da ya tura katakon rabin Yamai sai ya yi da gaske yake buɗe murfin kwalba. Bazara ba ta dame shi ba, yana zaune a inuwa yana ba samari umarni. Amma da iska ta fara sanyi da safe sai in ga ya yi shiru, yana sauraron ƙirjinsa. Ni ke hura masa gawayi. Kowace shekara kuma sai ya samo dalilin da zai sa sanyi ya dakata masa. Bara wai sai ya ga an gama rufin ɗakin ɗanmu. Waccan shekarar wai sai jikansa ya fito jarrabawa. Bana da na kawo masa kasko ranar farko, ya leƙo daga cikin bargo ya ce, "Ki gaya wa ɗarin nan ba ni da lokacinsa. An sa ranar jikata bayan sallah, ni zan ba da aurenta."

Na ce, "To, ƙanwarta fa?"

Ya yi tunani. Ya ce, "Ita ai yanzu ta fara tafiya. Ƙaro bargo."